Takardar da Ta Yi Azumi a Durowar Jumare

Laraba, 12 ga Fabrairu, 1997

Yau Jumare, akawun makarantarmu, ya kira ni ofishinsa ya tura ƙofa. Ya yi mini barka da Salla har sau biyu, sannan ya ja durowa ya ciro ambulan ruwan ƙasa mai hatimin gwamnati. Ya miƙo mini. Ya ce, “Malam Usmanu, sai haƙuri. Arziki na Allah ne.”

Na buɗe. Ba takardar kora ba ce. Daga asibitin ido na Kaduna take: in zo ranar 21 ga Janairu da ƙarfe takwas a yi mini aikin leza a idon hagu, kada in kuskura in makara. Idon hagun nan kuwa tun uku ga watan nan ya cika da jini, ina tsakiyar koya wa ’yan aji biyar tarihi. Allon ya koma ja, daga nan baƙi.

Tun 13 ga Janairu ta iso. Kwana talatin cif, ta cika azuminta a durowa. Wai ya ga ambulan irin na waɗanda aka sallama bara. “Ai ba a miƙa wa mutum irin wannan da bakin azumi, Malam, ga ka da ciwo. Kuma muddin ba ka sa hannu ka karɓa ba, kana nan ma’aikaci.”

Na ce masa na gode. Bakina ne ya saba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na rufe idon dama na gwada ɗayan. Duhu, da wani ja-ja a gefe kamar hanta.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Kaduna. Ilisha malamin lissafi ne ya raka ni. Babu mai, bas ɗaya ta tashi daga tashar Ikara, mu ashirin da biyu da akuya.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce sukari ya ci jijiyoyin bayan ido, sai idon ya tsiro waɗansu sababbi marasa ƙwari, su ne ke fashewa. Leza haske ne mai ƙuna, ana ɗiɗɗiga shi a ƙone gefe domin a tsira da tsakiya. Na ce kamar mai gonar rake da ke ƙone kewayen gonarsa don kada gobara ta shigo. Ta ce, “Kusan haka.”

Na hagu: bayan idon ya ɗaye, kada in sa rai. Na dama: shi ma ya fara tsiro. Sha ɗaya ga Maris za a yi masa. A hannuna ta danƙa mini katin.

Ta tambaye ni me ya hana ni zuwa a Janairu, alhali da na zo da an tare shi. Na ce takardar ce ta tsaya azumi. Ba ta yi dariya ba. Ni ma da na sake sauraron maganar a mota ban yi ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

’Yan dubiya. Ƙanin mahaifiyata ya zo daga Kudan da mazarƙwaila curi shida. Surukaina na Makarfi, dami guda na rake. Mai ciwon sukari! Garinmu ke nan: kowa na ƙaunarka, kowa da irin makamin da ya zo da shi.

Jumare ya aiko matarsa Kulu da farfesun kaza. Na ce wa matata Ummuhani ta mayar. Ta ce, “Malam, kwano nake mayarwa, ba abinci ba.” Yara suka cinye. Ƙamshin ya dame ni har la’asar.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Shekara ashirin da ɗaya ina koyar da sarakunan da ke ƙwaƙule idon wanda ya saɓa musu, ina girgiza kai a gaban yara ina cewa zamanin jahilci. Yau na fahimce su. Mutane ne masu tsari.

Ni ba ni da dogari. Amma kwamitin tantance ma’aikata zai zauna a sakatariya farkon Afrilu, wani Manjo ne shugaba, kuma an kafa koren akwati a bakin ƙofa domin koke. Ɓoye wasiƙar gwamnati kwana talatin, a wannan mulkin. Ba sai na ƙara gishiri ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Jumare ya gano ta hagu ba na gani. Yanzu kullum da safe sai ya zagayo ta damana kafin ya gaishe ni. Ko Ummuhani ba ta lura da wannan ba tukuna. Na fi tsanar sa saboda haka.

Juma’a, 28 ga Fabrairu

Na kai wa Ilisha koken ya buga mini a tafireta. Ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

“Malam Usmanu, ’ya’yansa bakwai fa.”

Na ce, “Idona biyu ne kacal.”

Ya ce Turancin ya yi kyau, bai taɓa ganin na yi mai kyansa ba, amma tafiretarsa ba ta da ribbin wannan aikin. Na ce jiya na ji tana buga jarrabawa. Ya ce na jarrabawa daban ne.

To. Da hannu zan rubuta, da manyan baƙaƙe irin na ɗan aji ɗaya, yadda ko Manjo zai iya karantawa.

Talata, 4 ga Maris

Na jefa. Shafi uku. Akwatin ya cika har sai da na tura da yatsa. Ashe ba ni kaɗai ke da aboki ba.

Talata, 11 ga Maris

An yi.

Sun ɗiga magani har ƙwayar idon ta buɗe, kowace fitila ta zama wata. Na ɗora haɓa a kan ƙarfe, aka ɗaure mini goshi, likita ta manna wani ɗan gilashi mai sanyi a kan idon kansa. Ta ce kada in motsa, kada in bi hasken da kallo.

Kore ne. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, kamar ana kunna ashana a cikin kai. Yawanci ba zafi, sai can ɗaya ya soki wani wuri ka ji shi har ƙeya. Na shirya tun a mota cewa kowane ɗigo mari ne a fuskar Jumare. Na yi ta ƙirga masa. Wajen ɗari biyu da wani abu fuskar ta ɓace mini, na koma ina karanta duk addu’ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ɗari takwas ta ce ta yi. Saura rabi, bayan mako biyu.

Da muka fito rana ta zama kamar an watsa mini gari a fuska. Ilisha ya riƙe ni har tasha yana cewa, “Rami. Kwata. Soja, yi murmushi.”

Juma’a, 14 ga Maris

Kai na ciwo. Tsakiya na nan, ina karatu. Gefe ya ragu, kamar mai leƙe ta bututu. Ta faɗa mini haka zai zama.

Laraba, 19 ga Maris

An dakatar da Jumare. Firinsifal ya miƙa masa takardar a baranda, nan take, yara na wucewa. Ya karanta a tsaye, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu, ya kai makullan ofis, ya tura kekensa har bakin get bai hau ba.

Na ji daɗi. Na rubuta nan ne domin in tuna cewa na ji daɗi.

Alhamis, 20 ga Maris

Ummuhani ta ajiye mini tuwon dawa ta tsaya a kaina.

“Malam, na ji an dakatar da baban su Adama.”

Na ce haka na ji.

“To idon ya dawo?”

Shekara sha tara da aure, ban san tana da wannan harshen ba. Makarantar allo kawai ta yi. Da ta yi boko da yanzu ita ce Manjo.

Talata, 25 ga Maris

Kashi na biyu, wani ɗari takwas. Ya fi na farko zafi. Ban ƙirga wa kowa ba. Likita ta leƙa ta ce in Allah ya so wannan zai tsaya, in dai na rabu da mazarƙwaila. Na ce sai dai in rabu da dangi.

Alhamis, 27 ga Maris

Ilisha ya ba ni labari a ƙarƙashin darbejiya, yana zaton zai sanyaya ni. Ashe ba a kaina Jumare ya fara ba. Bara takardar korar Musa mai ban ruwan fulawa ta iso matarsa na kan gwiwa, Jumare ya riƙe ta har aka yi suna. Ta Maiwada direba ya riƙe har aka gama zaman makokin uwarsa. Duka biyun, in ji Ilisha, har yau suna sa masa albarka.

Wawa. Ya ɗauki kansa katanga tsakanin gwamnati da mutane, da ɗan makullin durowarsa. Da ya ɗaga ambulan ɗin ya kalli hatimin da kyau, da ya ga hoton ido a jiki.

Amma Ilisha bai san abin da ya ba ni ba. Sau ɗaya kuskure ne. Sau uku, a gaban soja, ba kora ba ce kaɗai, ɗaurewa ce. Na rubuta sunayen biyu a ’yar takarda na sa a hula.

Laraba, 2 ga Afrilu

Sakatariya, tun ƙarfe tara. Muna jira a benci aka fito da wani masinja, dattijo mai furfura, wai ya makara sau huɗu. Kofur ya sa shi tsallen kwaɗo daga baranda zuwa tuta, riƙe da kunnuwansa. Hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauka. Da bututun nawa na kalla, tsaf, ba abin da ya ɓace mini.

Aka kira mu. Manjo yaro ne, ba zai wuce sa’ar ɗaliban da na yaye da farko ba, sandarsa a kan tebur. Jumare na tsaye jikin bango cikin rigarsa ta Salla, ta yi masa yawa.

Sakatare ya miƙo mini shafi ukun. “Malam, wannan rubutunka ne?”

Kowane baƙi na gani. Har inda na ja layi biyu a ƙarƙashin kwana talatin. Rubutu mai kyau, wallahi.

Na kai ta kusa da hanci, na nisanta, na juya ta. Na ce, “Ranka ya daɗe, ɗigo dubu da ɗari shida aka ƙona mini a idon nan. Farar takarda nake gani.”

“Ka rubuta ko ba ka rubuta ba?”

“Ranka ya daɗe, in sukari ya hau mini ina rubuce-rubuce. Ba zan rantse a kan abin da ban gani ba.”

“An ɓoye maka wasiƙa ko ba a ɓoye ba?”

“Ta makara, ranka ya daɗe. A bana me bai makara ba?”

Wani a cikin kwamitin ya yi tari. Manjo ya daɗe yana kallona, yana mirgina sandar. Sannan ya ce, “Malamin makaranta, kuma ba ka gani. Me kake koyarwa?” Na ce tarihi, ba ya buƙatar ido, ya riga ya wuce. Bai yi dariya ba. Ya ce wa sakatare ya rubuta sunana, likitan gwamnati ya duba ko na cancanci aiki.

Wannan ban hango shi ba. Ta hagu ya zo.

Hular na kaina har muka fito. Ban cire ba, zafi ake yi, kuma ba a cire hula a gaban manya.

Litinin, 7 ga Afrilu

Gargaɗi aka ba Jumare, da canjin wuri zuwa Paki. Ni kuma Zariya ranar 21, in karanta wa likita baƙaƙen bango. Zan karanta har da sunan wanda ya buga allon, in Allah ya yarda. In kuma layin ƙasa ya gagare ni, shi ke nan, shekara ashirin da ɗaya.

Ilisha ya zo yana wani washe baki, wai ya san za a yi haka. Na ce kada ya kuskura. Ban yafe ba. Idona ne aka kashe, haƙƙin nawa ne, ba zan miƙa wa wani yaro mai sanda ya karɓa a madadina ba. Zan karɓa da kaina, a lokacin da na ga dama, in na sami hanyar da ta dace. Ina nan ina tunani.

Asabar, 12 ga Afrilu

Su Jumare sun kwashe kaya jiya a akori-kurar masu rake. Ban fita ba, rana na damun idon.

Ummuhani za ta Paki gobe ta taya Kulu jera ɗaki. Ta tambaya ko da saƙo. Na ce ta gai da yaran. Yaran kawai.

In ta ƙara wani a kai, ba ni na aike ta ba.