Takardar Naɗa Taba a Ɗakin Ɗalha

Yakasai, Kano

Ɗalha,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya a duk inda ka raɓe. Na rubuto ne don na san in na kira ka kuka zai ci ƙarfina.

Ka cuce mu, wallahi. Yaya Mustapha ya shiga ɗakinka neman tabarma, ya fito da takardun naɗa wiwi da wata 'yar fitila, ya zube su gaban Baba a zaure, ɗalibansa na zaune. Gidan Malam Modu, gidan da ake ɗaukar karatu tun da kakanninmu suka zo daga Borno! Baba ya kore ka, amma ko tuwo ya kasa ci. Mu muna cewa gyaran agogo kake yi, ashe haka ne? In kana son komawa gida, ka faɗi gaskiya, ni zan roƙe shi.

Yayarka,
Sa'adiyya

*

Ƙofar Na'isa

Yaya Sa'adiyya,

Wa alaikumus salam. Ina shagon abokina Mamman, a kan benci nake kwana.

Ni da ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba! Yaya Mustapha da ya iya bincike, bai iya tambaya ba ne? To ga gaskiyar. Agogo ya daina ciyar da mutum, kowa waya yake dubawa. Na koma gyaran kilarinet, algaitar nan ta 'yan badujala da ake busawa a fareti. Jikinta duk ramuka ne, kowane rami da marfin ƙarfe, ƙarƙashinsa 'yar fata mai laushi. In fatar ba ta zauna daidai ba, iska ta zurare, mai busa ya yi ta kumbura kumatu a banza. Ido ba ya ganin wannan ɓarakar. Shi ya sa nake yanka takardar siriri, in sa ƙarƙashin marfin, in danna, in ja. In ta riƙe, lafiya. In ta zame, sai in ɗumama marfin da fitilar, gam ya yi laushi, in gyara wa fatar zama. Takarda mafi rashin kauri ake so, shi ke nan laifina.

Don Allah ki karanta wa Baba. In ya yarda, zan zo da kilarinet guda ɗaya in gwada a gabansa. Gida nake so, Yaya.

Ƙaninki,
Ɗalha

*

Yakasai

Ɗalha,

Bayan gaisuwa. Na karanta masa, har da murnata, sakarya da ni.

Ya yarda da kai sarai. Ya ce ba ka taɓa yi masa ƙarya ba. Sai ya tambaye ni, "Wato kayan makaɗa yake wa hidima?" Na ce gyara ne kawai, Baba, ba ya busawa. Ya ce mai wasa wuƙa da mahauci kasuwarsu ɗaya. Ya ce da wiwi ce, da sauƙi, ana kai yaro magani ya dawo, kuma gidan wane da wane duk an yi. Amma ba a taɓa jin jikan alaramma a ƙarƙashin mabusa ba.

Na ce to bari in wanke ka a unguwa. Ya daka min tsawa. Wai a bar mutane a kan abin da suka ji, ya fi masa rufin asiri. In ka watsar da aikin, ƙofa a buɗe take, za a ce ka shiryu.

Raina ya ɓaci, amma uba uba ne. Ka daure.

Sa'adiyya

*

Yaya,

Na gode da wahalarki, Allah Ya saka. Ki ba Mamman kayana, da ƙananan sukundirebobina da ke kan taga.

In na dawo a haka, kullum sai an yi min barka da barin abin da ban taɓa sha ba, ni kuma in ce amin. Ba zan iya ba.

Ki gaida Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ki ce ya kwantar da hankalinsa, ba zan faɗa wa kowa gaskiya ba.

Ɗalha