Abin da Motarka Ta Yi wa Surukina a Kwalbatin Hanyar Gwaram

Zuwa ga Alhaji,
mai manyan motocin nan masu rubutun "Sannu Ba Ta Hana Zuwa",
Tashar Mota, Birnin Kudu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukiya baki ɗaya. Allah ya ƙara rufin asiri, amin.

Alhaji, ba ka san ni ba. Ni ne malamin yaƙi da jahilci na Kwandiko a ƙasar Gwaram. Kada ka ɗauka ina son tonon silili ne da na kawo maganar nan jarida. Na je ƙofar gidanka aka ce kana Kano. Na koma aka ce kana hutawa. Na bar saƙo wurin sarkin tasha, abin da ya biyo baya shi ne kuɗi ƙulle a takarda, ko gaisuwa babu. To, tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, dole na yi sallama daga waje, kowa na ji. Wallahi ina rubutun nan ne kunya kamar ta kashe ni.

Maganar a kan surukina ce, mahaifin mai ɗakina. Ba zan rubuta sunansa ba, don bakina bai taɓa faɗinsa ba, alƙalamina ma ba zai fara ba. Baffa muke ce masa. Dattijo ne, asalinsu Fulanin da suka zauna suka kama noma, kuma shi ne ladanin garinmu tun ina yaro. Ka san yadda surukuta take a wurinmu. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na hango shi ina kan keke, sauka nake yi in tuɓe takalmi in durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya amsa. Iyakar abin da ke shiga tsakaninmu ke nan, kuma da haka muke ganin girman juna.

Na farko, bari in gaya maka yadda aka yi ya tsaya a kan hanya ranar nan. A watan Afrilun bana, da gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama, dagaci ya sa ni in yi wa jama'a bayani, tunda ni ke da ɗan karatun boko a garin. Na tara mutane a ƙofar gidansa, na zana hanya a ƙasa da kara, na sa ɓawon ƙwarya ya zama mota, tsakuwa ta zama keke. Kafin wannan, al'adarmu guda ce: da mai keke ya ji gurnanin babbar mota sai ya dire, ya ja kekensa cikin gona ko cikin ƙaya, ya jira ƙura ta lafa. Ni na ce musu doka ba haka ta ce ba. Na ce keke ma abin hawa ne, muna yankar masa lamba duk shekara, yana da haƙƙinsa a kan hanya. Ka riƙe gefen damanka, direba zai rage gudu ya ratse ta hagunka ya ba ka fili. Haka aka koya mini, haka na koyar.

Baffa ya zo taron nan. Ya zauna can baya, bayan kowa, ya rufe rabin fuskarsa da rawani. Dattijo kamarsa ya zauna yana ɗaukar karatu wurin mijin 'yarsa, ai ka san ba ƙaramin abu ba ne. Washegari ya aiko ta bakin 'yarsa cewa a gaya wa Malam ya fahimta. Da na ga kekensa kuma, sai na tarar ya ɗaura jan tsumma a hannun dama don kada ya manta. Na yi kwana da kwanaki ina jin daɗin abin nan a raina.

Na biyu, abin da ya faru. Ranar kasuwar Gwaram ce, a farkon daminar nan, da hantsi. Baffa na gaba a kan kekensa, ina biye can nesa. Ƙafata ta fi tasa ƙarfi, amma ba zan wuce surukina a hanya ba, don haka na yi ta jan feda a hankali. Shi ya sa komai a kan idona aka yi. Mun kusa ƙaramin kwalbatin nan da hanya ke tsukewa kafin a shiga gari, ga mata masu tallan nono suna tafe a ɗaya gefen, sai motarka ta taho ta bayanmu, an yi mata lodin buhuna har sama, mutane zaune a kan kaya. Iskarta kaɗai ta sa na kafa ƙafa a ƙasa. Direbanka bai danna oda ba sai da ya kusa hawa kan tsohon. Baffa bai dire ba. Na ga ya ɗan sunkuyar da kai ya dubi tsumman nan, ya ƙara matsawa gefe har tayarsa na taɓa bakin kwalbati. Wurin matsawa ya ƙare, mota kuwa ko alamar taka birki babu.

Ƙugiyar igiyar da ke jikin bodi ita ta kama hannun babbar rigarsa. Ta fizge shi, rigar ta kece ta bi mota, shi kuma ya faɗa rami cikin taɓo da keke a kansa. Sarƙa ta cafke ƙafar wandonsa ta farke shi har mazagi. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba, kai ma ɗa ne, kana kuma da surukai.

Motar ta tsaya a ɗan gaba, har na ce alhamdulillahi za a kawo ɗauki. Ashe kallo aka tsaya yi. Direban ya leƙo ta taga, ya ga tsohon yana motsi, na saman kaya suka kwashe da dariya, aka wurgo yagaggiyar rigar ƙasa, mota ta tashi. Matan nan masu nono, Allah ya saka musu da alheri, su ne suka juya fuskokinsu jeji suka tsaya kamar an dasa su. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In je, na ga abin da bai kamata idona ya gani ba har abada. In ƙi zuwa, na bar uban matata a cikin taɓo. Na tuɓe rigata, na gangara ramin da baya da baya, na lalubo shi na rufe shi, sannan na ɗaga keken. Bai dube ni ba. Abin da ya ce kawai, a hankali, shi ne, "Malam, ai a daman nake." Ban da amsa gaisuwa, wannan ce maganar farko da ya taɓa yi mini baki da baki.

Na uku, abin da ya biyo baya. Kafaɗarsa ta goce, mai ɗori ya gyara, ƙujewar ma ta warke. Jiki kam ya yi sauƙi. Amma tun ranar Baffa bai sake taka ƙofar gida ba. A ɗaki yake salla. Mutumin da muryarsa ke tashin garin nan da asuba, har rugagen da ke bayan fadama suna ji, yanzu ɗan ƙaninsa ke kiran salla, muryar da ko kukar bakin kasuwa ba ta kaiwa. Liman ya je, dagaci ya je, ya ce musu jiki ne. Kowa ya san ba jiki ba ne. In na je gaishe shi sai a ce yana barci, ni kuma in ji sanyi a raina da aka ce hakan, don ban san da wace fuska zan durƙusa a gabansa ba. Yanzu ta bayan gari nake zagayawa in je aji. Mai ɗakina kuwa, sai dai in tarar da ita tana tuƙa tuwo tana share ido da gefen zane.

Da abin ya tsaya a nan, da wataƙila lokaci ya rufe shi. To, direbanka ya mayar da shi abin hira. An tabbatar mini yana ba da labarin a tasha, har yana tashi yana kwaikwayon yadda tsohon ya faɗa, 'yan kamasho na tafawa. Sun raɗa masa suna, wai Baba Hannun Dama, sunan ya hau mota ya zo har Kwandiko. Haba Alhaji. Mutumin da ya haifi wannan direban a shekaru. Shi ya sa ban ji tsoron kawo maganar jarida ba: labarin ya riga ya gama gari a matsayin abin dariya, gara a ji shi sau ɗaya a matsayin abin kunya.

Ajina ma ya watse. Magidanta na cewa karatun Malam ne ya tuɓe surukinsa a bainar jama'a, wa zai sake zama? Masu keke sun koma faɗawa gona da sun ji mota, wasu kuma sun koma hannun hagu abinsu, wai gara su riƙa ganin abin da zai kashe su. Ka ga ke nan wata rana direbanka zai yi gaba da gaba da wani a kan kwana, kuma ranar ba riga ce za ta yage ba.

Na huɗu, ba na cewa mu masu keke waliyyai ne. Muna jerawa uku uku muna hira a tsakiyar hanya, muna ɗauko kara a gicciye ya tare rabin titi, wani kekensa ba birki sai dugadugansa. Duk na sani, ina kuma faɗa musu. Amma mu in aka kama mu ba fitila, ko ba ƙararrawa, ko da goyo, sai mun kwana muna bayani. Baffa kekensa na da lamba, da birki, da ƙararrawa, yana kuma gefen da gwamnati ta ce ya bi. Me ya rage bai yi ba? In dokar ta mai ƙaramin ƙarfe ce kaɗai, a fito a gaya mana, in daina yaudarar mutane da zane a ƙasa. Abin da ya fi ba ni haushi ma rubutun da ke goshin motar. Ka biya mai fenti ya rubuta sannu ba ta hana zuwa, ka ɗauki mutumin da bai san sannu ba ka damƙa masa sitiyari.

Kuɗin da aka aiko sun koma hannun sarkin tasha yadda suka zo. Baffa ko kallonsu bai yi ba. Ba keke ya rasa ba, balle a saya masa wani.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

Ban ce ka kori direban ba. Yana da iyali, ba na son haƙƙinsu a wuyana. Ina roƙon ka sa shi ya zo Kwandiko da rana tsaka, lokacin da mutane ke zaune a ƙofar dagaci, ya tuɓe takalminsa, ya durƙusa a bakin zauren Baffa, ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa tsohon yana kan hannunsa, shi ne ya ƙi taka birki. In kai ma ka biyo shi, girmanka ne zai ƙaru. Na san Baffa, zai yafe tun kafin a rufe baki, wataƙila ma ya sa a dama musu fura.

Ina roƙon ka kashe hirar nan a tasha. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa.

Sannan ka tara direbobinka ka gaya musu: oda tun daga nesa ake yin ta, ba sai an hau kan mutum ba. In an zo kwalbati ko gada ga mai keke a gaba, a jira shi ya haye, ba zai ci rabin minti ba. A ba shi fili in za a wuce shi, a kuma ɗaure igiyoyi da ƙugiyoyin da ke reto a jikin bodi. In kana so, ni zan zo tashar da karana da ɓawon ƙwaryata in zana musu a ƙasa kamar yadda na zana wa namu, ba na son ko sisi.

Keken na nan rataye a zauren Baffa, ƙafar gaba a lanƙwashe. Shekaranjiya 'yarsa ta je gida, ta ga tsumman nan ya yi dauɗa da busasshen taɓo, ta kai hannu za ta kwance shi don ya daina gani yana tunawa. Daga cikin ɗaki ya ce mata ta bar shi inda yake. Da ta gaya mini, na gane har yanzu jira yake wani ya amsa masa maganar da ya yi mini a cikin ramin nan. Ni ba zan iya ba, ni na sa shi a hanyar, tawa ba za ta yi nauyi ba. Mutum ɗaya ne zai ce masa "gaskiyarka ce, Baba, a daman kake" ya yarda ya fito, kuma wannan mutumin a hannunka yake cin abinci.

Allah ya tsare motocinka a duk inda suka sa gaba, ya kiyaye na cikinsu da na gefen hanya. Allah ya ja kwananka, ya kai ka tsufa da mutuncinka, kada ya nuna wa surukanka abin da ya nuna mini.

Wassalam.

Ni ne naka,
Malam Isiyaku, malamin yaƙi da jahilci,
Kwandiko, ƙasar Gwaram.
Damina, 1972.