Filin da Baba ya zaɓa a Saga

Filinge, 12 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Tahiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta tarar da kai lafiya a Abijan, kai da iyali. Mu nan da sauran rai, alhamdu lillahi. Inna na fama da tari, kuma duk muna raɓe a gidan Goggo Asabe, tunda ƙauye ba ya komuwa saboda rashin tsaro.

Yaya, abin da bakina ya kasa faɗa a waya shi na zo rubutawa. Gidan da ka aiko da guminka na shekara bakwai a gina mana a Yamai ya faɗi. Da rani dillali ya kai ni da Baba unguwa biyu. A Kwara Tagi, kan tudu, fili ya yi wuta, don duk wanda ya gudo daga daji can yake nufa. Kuɗinka rabin fili za su saya, tsakuwa zalla, ruwa ma sai wurin 'yan garuwa. A Saga kuwa, bakin kogi, sun isa fili cikakke har da ɗaki uku na laka. Na ce wa Baba araha ba ta ado, amma ka san halinsa. Ya durƙusa ya damƙi ƙasa, ya murza, ya shinshina, yadda yake yi in zai sari sabuwar gona. Ya ce baƙa ce mai danshi, shi manomi ɗan ƙasar Kurfai ba zai bar albarka ya sayi dutse ba. Mu da muka tashi muna jan guga gaba ashirin, wa ya taɓa gaya mana ruwa na korar mutum?

A watan Agusta kogi ya shigo. Kwana biyu bango ya narke kamar gishiri, muka fita da ranmu da tabarmi biyu. Yau filin Saga ko kyauta ba mai so, na Kwara Tagi kuwa ya ninka.

Da ruwa ya janye Baba ya koma dubawa. Ya tarar irin geron da ya taho da shi daga ƙauye cikin gora ya zube, ya tsiro kore shar daidai inda gadon Inna yake. Ya dawo ya ce mini ai ƙasar mai kyau ce, bai yi ƙarya ba, sai hawaye. Tun ranar bai ƙara cin abincin kirki ba. Wallahi na ji haushinsa ƙwarai, amma yanzu tsoro nake ji. Don Allah in ka kira shi kada ka tambayi gida. Ka ce ya ci abinci, maganarka zai ji.

Ka gaida Balkisa da su Yazid. Inna da Goggo suna sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya