Alamar Shafi na Tara

Litinin, 3 ga Maris
Sai yau na gane. Shugaban sashen lissafi ya juya littafin, ya ce, "Baiwar Allah, wannan ai ba rubutun Farfesa ba ne." Na ce nawa ne. Wata huɗun ƙarshe kafin rasuwarta, hannun ƙanwata Auta, wato Farfesar, ya daina riƙe biro, tana faɗa ina rubutawa. Ashe aikin da ƙanwata ta kwashe shekara goma sha ɗaya a kai, ba za a buga shi da sunanta ba sai sun yarda daga kanta ya fito.

Laraba, 5 ga Maris
Lambobin yabonta bakwai a bango. Ni kuwa aji shida na tsaya.

Asabar, 8 ga Maris
Ɗalibar Auta ta zo. Wai a shafi na tara alama ɗaya ta buɗe baki hagu maimakon dama. In haka Auta ta faɗa, aikin ya rushe. In ni na juya ta wajen rubutawa, aikin yana nan daram. "Mama, don Allah ki tuna."
Ban san sunayen alamomin ba. Auta ce ta raɗa musu saboda ni: ƙugiya, takwas a kwance, bakin kada. "Yaya, kadan nan babba yake ci, kada ki ba shi ƙarami!" Tana dariya har tari ya sarƙe ta.

Talata, 11 ga Maris
Zan iya cewa kuskurena ne, a wuce wurin. Wa zai musa? Amma wallahi ban tuna ba. Auta kuwa ta tsani "kusan daidai".

Alhamis, 13 ga Maris
Gaban kwamiti, mutum biyar. Suka tambaye ni alamar, na ce ban sani ba. Wani mai gilashi ya ce to yaya take faɗa? Na rufe ido, shafi na goma ya dinga fita daga bakina, da ƙugiyarsa da kadansa. Ba wanda ya yi dariya. Mai gilashin ya tashi ya hau rubutu a allo. Sun ce a bi sauran shafukan, su za su nuna gaskiyar alamar.

Juma'a, 21 ga Maris
Kullum ɗalibar na zuwa, ina karantawa tana kwafewa. Yau na tsayar da ita, na ce layin nan bai bi na samansa ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta gyara. Ba wani abu ba ne, kunne ne ya saba.
Saura shafi goma sha shida ba mu bi ba, kuma har yanzu ba a sa sunanta a bangon aikin ba.