Makunnin Ƙarƙashin Kujera

Daren Laraba, Yalwawa

Yau na sha kunya a ƙofar gidana. Jiya surukina, Baba Malam, ya zo aron mota zai kwaso gero daga Buji. Ba na iya ce masa a'a, ba na kuma son buhuna su ƙarasa min tsohuwar motar nan. Sai na lallaɓa na kashe ɓoyayyen makunnin da aka sa min saboda ɓarayi, wanda yake yanke wa famfon mai wuta. Na murza makulli a gabansa, ta yi ta gurnani ta ƙi tashi. Ni dai ban yi ƙarya ba.

Ashe tausayina ya ji. Da safe sai ga shi da bakanike. Mutumin ya kwance nozul huɗu masu fesa wa inji mai ya wanke, ya busa tiyo, ya kasa kunne a tanki ya ce famfo ba ya motsi. Ina tsaye ina gumi. Ya bi waya har ƙarƙashin kujerata, ya danna, ya murza makulli, mota ta tashi.

Baba Malam ya dube ni ya ce, "Allah ya ci gaba da tsare ka daga ɓarayi, Malam Sani."

Na ce amin, kaina a ƙasa. Gobe sai Buji, sawu uku, kuma ni zan tuƙa.