Baba Ya Yarda da Gayya

Yaya Ishaku,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya Maryama da yara? Mu lafiya lau.

Albishirinka! An yi wa Baba gayya a gonar Kalfu! Tun da ya karye a ƙafa, ciyawa ta danne gero, amma ya ce shi ba abin tausayi ba ne. Sai Fasto ya ce, "Baba, gonar wa ba ka nome ba? Za ka hana mu albarka?" Ran Asabar 'yan majami'a suka fito, har da maƙwabtanmu Musulmi, kowa da hauyarsa. Ni na dama fura. Baba na gindin aduwa yana share hawaye, yana faɗa wai ba su iya noma ba!

Ku sa ƙafarsa cikin addu'a. Gaida mutanenmu.

Ƙanwarka,
Rahila