Buhun Geron Gwaggo

Alhamis da dare, Sabon Gari

Raina a ɓace yake. Tun bayan ƙaramar salla nake rejim ɗin da likita ya sa ni saboda ƙiba. Na bar tuwo, na bar shinkafa da burodi, hurar ma da nake so kamar raina na haƙura da ita. Kullum zogalen Jiratawa ne da ƙwai, wata rana kifi.

Shekaranjiya na je suna Tsibiri. Gwaggo Hajo ta miƙo mini ƙwaryar hura, na ce na ƙoshi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Balki, wannan rama fa? Malam ya daina awo ne?" Na yi mata bayani har bakina ya gaji, ita ko sai kaɗa kai take.

Yau da la'asar sai ga adaidaita ƙofar gida da buhun gero, wai in ji Gwaggo, a rufa asiri. A gaban maƙwabta aka sauke shi! Malam ya dawo ya tarar, ya ce, "Yanzu ni za a yi wa sadakar hatsi? Don Allah ki ci tuwo ko don mutuncina."

To ni fa? Lokacin da gwiwa ta hana ni sujada, ina salla a kan kujera kamar tsohuwa, kowa cewa yake na yi kyau, hutu ya karɓe ni. Ɗazu na yi isha'i goshina a ƙasa. Geron nan su sha hurarsu, ni ba ni komawa kujera.